Ƙahon Akuya a Wuyan 'Yata

'Yata ta biyu da surutu aka haife ta. Ba sharri nake yi mata ba, duk unguwarmu a Gwandu shaida ce. Ina kan keken ɗinki, tana zaune a ƙasa tana tsince ƙyallaye, ƙarar keke na tashi, muryarta na hawa bisa ƙarar. Za ta ba ni labarin kazar maƙwabta da ta yi ƙwai a kwandon wanki, ta kwaikwayi mai tallar nono, ta kwaikwayi yadda babanta yake tari in zai shigo gida, sannan ta tambaye ni dalilin da ya sa jaki ba ya dariya. Masu kawo ɗinki har zama suke ƙarawa don su saurare ta.

Mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, tana Kalgo, can aka haife ni. Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, don haka jikokinta da murya take gane su. Ita ce take ce wa yarinyar rediyona. Duk hutu in muka je, tun muna zaure Inna za ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "An kunna, ku ba ni wuri." Sai yarinyar ta haye gefen tabarma, ta kwashe labarin Gwandu kaf ta zuba mata, wanda ya faru da wanda ta ƙara wa gishiri. Tun da idon ya tafi, ban san abin da yake sa Inna dariya har da hawaye ba in ba wannan ba.

Maigidana ma'aikaci ne a ƙaramar hukuma. Akwai wata ganawar ƙarin girma da ya taɓa zuwa Birnin Kebbi, Turanci ya sarƙe masa a gaban mutane, ya dawo ya kasa cin tuwo. Bai taɓa ba ni labarin dalla-dalla ba, amma tun daga ranar ya ƙudura cewa 'ya'yansa sai sun yi Turanci ko ana ha-maza-ha-mata. Shi ya sa ya cire yarinyar daga makarantar gwamnati ya kai ta wata ta kuɗi da ake yabo a garin. Ban hana ba. Ni ma ina son ta iya.

A makarantar akwai ƙaho. Ƙahon akuya ne, an huda gindinsa an zura igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa a harabar makaranta, sai a rataya masa shi a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana Hausa, ya cire ya rataya masa. Wanda aka tashi makaranta ƙahon na wuyansa, shi zai wanke bayin yara kafin ya tafi gida. Malamai ba sa wahalar sa ido, yaran su suke farautar junansu. Mai ƙaho yakan laɓe a bayan taga, ko ya lallaɓo ya mintsini wani, in ya ce wayyo, shi ke nan, wayyo Hausa ce. Da aka fara ba ni labarin dariya na yi, don na ɗauka irin wannan abin ya ƙare tun zamanin iyayenmu.

Shekararta ta farko a can ta sha ƙaho, amma bai dame ta ba. Turancin nata na littafi ne, tana ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya tana jerawa, in ta gaji sai Hausa ta kuɓuce mata, ta wanke bayi, ta dawo gida ta mai da abin labari. Har kwaikwayon yadda ƙahon ke dukan ƙirjinta in tana gudu take yi mana.

Sai ga dogon hutu. Muka tafi Kalgo, inda ƙanena yake da rumfar gyaran waya a bakin titi. Yana son yarinyar, sai ya riƙa ba ta wata tsohuwar waya cike da finafinan yara na Turawa. Ta zauna a bencin rumfar ta sha kallo. Kunnen yarinyar nan ba ya sakin abu. Kafin hutu ya ƙare Turanci ya sauko mata daga littafi ya zauna a baki. Tana yin sa da gudu, da hanci, da ɗaga kafaɗa, yadda take yin Hausa. Ba ta cewa "going to", sai "gonna", ba ta cewa "want to", sai "wanna". Takan tsaya gaban Inna ta zuba mata, Inna ba ta jin ko ɗaya amma tana tafawa tana cewa, "Rediyona ya kamo tashar Turawa." Ni kaina na ji daɗi. Na ce a raina, to, ƙaho sai ya nemi wani wuyan.

A makon farko da komawa ta dawo gida a makare, hannunta na warin maganin wanke bayi. Ba ta shigo da labari ba. Sai da na ajiye ɗinki na matsa mata, ta faɗa mini. A lokacin hutun tara ta ce wa wata yarinya za ta je shan ruwa, da Turanci ta faɗa, amma da "gonna". Mai ƙaho na kusa, ya ce wannan ba Turanci ba ne. Ta ce Turanci ne. Gardama ta kai gaban malamin Turanci, shi kuma ya yanke hukunci cewa wannan ba kalma ba ce, abin da kuwa ba kalmar Turanci ba, hukuncinsa ɗaya da Hausa. Aka rataya mata.

"Mama, wallahi Turanci nay yi," ta ce mini. "Turawan da kansu haka suka hwaɗi."

Ba wankin bayin ne ya ƙona mata rai ba, ta saba. A da in an kama ta, ta san ta yi laifin da aka ce laifi ne. Wannan karon ta kawo abin da take alfahari da shi, abin da aka cire ta daga wata makaranta aka kawo ta nan don ta samu, aka ce mata ba komai ba ne.

Washegari na yafa mayafi na tafi. A gindin mangwaron makarantar na tarar da malamai suna cin gyaɗa suna hira da Hausa tsantsa, ba mai ƙaho a wuya. Aka nuna mini malamin Turancin, saurayi ne ɗan wajen Dalijan, mai tsafta da ladabi. Har kujera ya ba ni. Da ma mugu ne, da abin ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Malam, ɗiyata Hausa tay yi jiya?"

Ya ce, "A'a, Hajiya, ba Hausa ba ta."

"To Turanci na?"

"Ba daidaitacce ba na. Na san Turawa na hwaɗin ta, ni ma ina kallon fim. Amma ba kalma ba ta. Kalma biyu anka tauna anka haɗiye rabi. In ta rubuta ta ga jarrabawa, jan biro za ta sha."

Na ce ai ba jarrabawa take rubutawa ba, ruwa za ta sha. Na tambaye shi, yarinyar da ta gaya wa ta gane ko ba ta gane ba? Ya ce ta gane. Shi da aka kawo wa ƙara ya gane? Ya ce ya gane. Na ce to mene ne kalma in ba abin da za ka faɗa a gane ba? Mu nan ba ma tauna tamu? Wa yake tsayawa ya ja wallahi har ƙarshenta in yana sauri? Ya yi murmushi irin na wanda ya saba da iyaye mata masu zafi, ya ce abin da baki ya saba da shi hannu zai rubuta, kuma shi amana aka ba shi. Na ce na yarda, ya koya mata inda ake faɗin wannan da inda ba a faɗi, ai aikinsa ke nan. Yadda na koya mata ba a gaida surukai da gaisuwar da ake yi wa ƙawa, ban kuma taɓa ce mata gaisuwar ƙawa ba gaisuwa ba ce.

Sai ya ce, "Hajiya, ƙaho abu biyu yas sani, Turanci da wanda ba Turanci ba. Ba shi da wuri na ukku."

Wannan ita ce gaskiyar da ya faɗa mini duk ranar. Hedimasta ya ƙara mini wata. Ya ce iyaye in sun zo sa yara, kafin su tambayi ko akwai rijiya sai sun tambayi ko akwai ƙaho. In ya cire shi yau, gobe rabin yaran suna makarantar tsallaken titi, inda nasu ƙahon na saniya ne.

A hanyar gida na tuna wani malaminmu na Hausa a sakandare, mutumin Kano. Na rubuta "shina zuwa" a insha'i, ya zagaye da ja ya rubuta a gefe cewa wannan ba Hausa ba ce. Da "shina" Inna ta raine ni, da ita ake wa'azi a masallacin garinmu, da ita aka ɗaura mini aure. Wani ya zo daga nesa da jan biro ya ce babu ita. Na gyara, na ci jarrabawa, ga shi yau ina rubuta "yana" kamar kowa. Amma ni biro kawai aka sa mini, ba a rataya mini komai ba, ba a kuma sa ƙawayena su yi gadin bakina ba.

Maigidana bai ji daɗin zuwana makarantar ba. Ya ce na je na zubar masa da mutunci a gaban malamai kan maganar 'yan fim. Ya ce malam ya fi mu sani, in ya ce ba kalma ba ce, ba kalma ba ce. Ya kira ƙanena a waya ya ce kada ya sake ba yarinyar wayar nan. Na yi magana, na ɗaga murya, na yi fushin kwana da kwanaki. Yarinyar dai ta ci gaba da zuwa makaranta, don shi ke biya, shi ke da ta cewa.

Hukuncin malamin nan kuwa ya buɗe wa yaran sabuwar farauta. A da Hausa kawai ake kamawa, yanzu duk abin da aka gajarta, duk abin da mai ƙaho bai taɓa ji ba, sai ya ruga wurin malam. Wa ya fi kowa irin waɗannan a baki? 'Yata. Wanda Turancinsa bai wuce "yes sir" ba ya zauna lafiya. Ita da ta iya, ita ta zama abin farauta. Duk mai ƙaho ya san in yana son ya huta, ya bi bayanta kawai ya jira.

Tana da ƙawa guda, 'yar maƙwabtanmu, tare suke tafiya tare suke dawowa, ni nake ɗinka musu kayan salla iri ɗaya. Wata rana ƙahon ya faɗa wa ƙawar, ga lokacin tashi ya matso. Sai ta cusa shi cikin hijabi, ta zo ta zauna kusa da 'yata ta ce, da Turanci, ta koya mata irin maganar nan ta fim, yaya ma ake cewa ina so? 'Yata ta waiga ba ta ga kowa ba, ta faɗa mata a hankali. Ƙawar ta zaro ƙahon ta rataya mata. Ban riƙe yarinyar a zuci ba, ita ma tsoron bayin take ji, kuma haka aka tsara abin ya yi aiki. Manyan da suka zauna suka ga dacewar a koya wa yara harshe ta wannan hanya, su ne har yau ban yafe wa ba.

Daga ranar 'yata ta samo dabararta. Ta daina magana a makaranta. In malam ya tambaye ta abu a aji, ta ba shi amsar littafi, gajera, ta zauna. A lokacin tara ta ci abincinta ita kaɗai. In an mintsine ta, ta cije leɓe. Na ɗauka a bakin ƙofar makaranta shirun zai riƙa tsayawa, ashe biyo ta zai yi har gida. Da farko labaran ne suka gajarce, sannan kwaikwayon ya tafi, sannan tambayoyin. Ta zauna a inda ta saba zama tana tsince ƙyallaye, ba abin da ake ji sai keke. Masu kawo ɗinki suka fara tambayata ko ba ta da lafiya.

Ran nan na tsayar da keken na ce, "Ke, wai mi as same ki? Nan gida na, babu ƙaho."

Na ga leɓenta na motsi, tana gwada maganar a ciki kafin ta sake ta. Sannan ta ce, "In na saba magana gida, bakina shina zamewa makaranta."

Lissafinta kuwa daidai ne. Babanta kuwa murna yake yi. Ya ce yarinya ta girma, ta nutsu, ai da ma surutun ya yi yawa. Malamai ma haka suka rubuto a sakamakonta, wai ta zama abar koyi.

Ƙarshen shekara aka yi bikin ba da kyaututtuka. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika mai ƙara. Ina zaune cikin mata ina fifita da gefen mayafi, sai na ji hedimasta ya kira 'yata. Ya ce kyautar gwarzuwar Turanci ce, ta ɗalibar da tun zangon farko ba a sake ganin ƙaho a wuyanta ba. Ya ce iyaye su duba su gani, yarinyar da a da kullum tana cikin wankin bayi, yau ga inda horo ya kai ta. Aka yi tafi. Maigidana ya miƙe tsaye a cikin maza yana ɗaukar hoto da waya, fuskarsa kamar an ba shi ƙarin girman nan da ya rasa.

Malamin Turancin ne ya miƙa mata kyautar, ƙamus ne babba a cikin leda. Sannan ya sunkuyo da makirfo wajen bakinta don ta ce wani abu. Na ga hannunta ya tafi wuya, daidai inda igiyar ke zama, ko da yake babu komai a wurin. Ta dubi ƙasa. Aka jira. Can ta ce "thank you sir", ta sauka. Aka sake tafi, wata mata a gefena ta dafa ni ta ce Allah ya ba 'ya'yanta irin wannan kunya. Ban tafa ba. Baƙin ciki ne ya tokare ni, har na ji kamar in tashi in karɓi makirfon in gaya musu abin da suke yi wa tafi. Sun ba ta kyautar iya harshe ne saboda ta daina amfani da shi, kuma duk rumfar nan ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Na ce wa maigidana ko ya cire ta daga makarantar, ko ni in kai ta Kalgo in bar ta can. Ya ga da gaske nake, ya ce a bari hutu ya wuce a duba. Daga baya ya cire ta, amma sai da aka kai ruwa rana, kuma cirewar ba ta dawo da abin da ya tafi ba. Yanzu ta zama budurwa, tana cin jarrabawa, tana rubuta Turancin da ba mai sa masa jan biro. Har yau in za ta yi magana hannunta kan fara zuwa wuya.

Hutun da ya biyo bayan bikin muka shiga mota zuwa Kalgo. Duk hanya ina gaya wa kaina cewa gaban Inna ne zai warware ta. Can ba malam, ba ƙawa, ba wanda zai ce wannan kalma ce wannan ba kalma ba ce, Inna duk abin da ya fito daga bakin yarinyar nan karɓa take yi. Muka sauka, muka bi ta gaban rumfar ƙanena, ya ɗaga mata hannu, ta ɗaga masa.

Muka yi sallama a zaure. Daga ɗaki Inna ta amsa, ta kira babbar 'yata da sunanta, ta kira ƙaramin ɗana da sunansa, don duk sun yi magana. Muka shiga. 'Yata ta durƙusa ta ce ina wuni can ƙasa-ƙasa, ta zauna a gefen tabarma, a wurinta na kullum, ƙamus ɗin a cinyarta, don babanta ya ce ta kai wa kakarta ta taɓa. Inna ta tambayi mutanen Gwandu, ta tambayi hanya, ta tambayi ɗinki. Tana yi tana karkata kunne wajen ƙofa. Da ta gaji da jira sai ta ce mini, "Ke, ba ku taho min da rediyona ba?"

Na ce, "Ga ta nan kusa gare ki, Inna."

Inna ta miƙa hannu tana lalube, ta sami kafaɗar, ta hau zuwa kumatu, ta shafa. Ta ce, "To kunna mana, 'yar nan. Mi anka yi Gwandu?"

Na ga leɓen 'yata ya fara motsi. Na ga hannun ya tafi wuya. Duk ɗakin muna jira, har yayarta. Ta buɗe baki ta ce, "Lahiya lau."

Inna ta ƙara jira kaɗan. Sannan ta janye hannunta ta mai da shi cinyarta, ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina.

"Kar ki yi min wasa don ba ni gani," ta ce. "Wagga baƙuwa ta. Ina kunka baro tawa?"